Kiɗan Gauraye na Turai da Amurka, da Ma'aunin da Ya Kamata a Auna Shi da Shi

Tun daga shekara ta 2001 har zuwa wajen 2010 wani irin kiɗan rawa ya yi tashe a Ingila da Amurka, wanda masu shi ke kira mashup. Ma'anar kalmar a bakinsu ita ce a dagargaza abu a cakuɗa shi da wani, kamar yadda a ke yi wa dafaffen dankali. A cikin wannan takarda za a kira shi kiɗan gauraye. Yadda a ke yinsa kuwa shi ne, mutum ya ɗauki faifan wani mawaƙi ya zare muryar ya ajiye, ya ɗauki faifan wani dabam ya zare kiɗan, sa'an nan ya aza muryar nan bisa kiɗan can, har wanda bai sani ba ya zaci tare aka yi su tun asali. Mai wannan aiki ba ya waƙa, ba ya kaɗa kome, galibi ma bai taɓa ganin mawaƙan da ya haɗa ba, wani lokaci kuwa ɗayansu ya daɗe a kabari.

Masu sha'awar wannan kiɗa sun yi ta bayyana ra'ayinsu a kansa duk sa'ad da sabon faifai ya fito, kuma in an tattara abin da su ke faɗi za a ga bai cika wuce magana biyu ba. Wani ya ce abin da ya ƙayatar da shi shi ne ya ji waƙar da ya sani tun yana yaro ta ɓullo inda bai zata ba. Wani ya ce ai tun da aka sa faifan ba wanda ya koma mazauninsa, kowa rawa ya ke. Masu ƙinsa kuma su ce gamin gambiza ne, ko kuwa su ce sata ce tsagwaronta. Kowace daga cikin maganganun nan tana da gaskiya gwargwado, amma ba wadda ta isa ta zama ma'auni, domin ba ta iya raba gauraye mai kyau da marar kyau. Mummunan gauraye ma ya kan sa a gane tsohuwar waƙa, ya kan tada mutane rawa, kuma shi ma ba da izini aka yi shi ba. Abin da a ke nufin nunawa a nan shi ne, gauraye ra'ayi ne na mai sauraro, sai dai maimakon ya faɗe shi da baki ya faɗe shi da faifai. Saboda haka da ma'aunin da a ke auna ra'ayi ya kamata a auna shi, watau a tambaya ko ya nuna wani abu cikin waƙoƙin nan biyu wanda da can kunne bai kama ba.

Kafin a kai ga haka, wajibi ne a san abin da ke sa murya ta zauna bisa kiɗan da ba nata ba. Sharaɗi na fari shi ne sauri. Kusan dukan waƙoƙin yayi na Turai da Amurka bisa bugu huɗu-huɗu aka gina su, kuma a kan ƙidaya saurin kowace da yawan bugun da ta ke yi cikin minti guda. Gambarar zamani, wadda su ke kira rap, ta kan yi tsakanin 85 da 100, kiɗan gidajen rawa kuwa ya kan kai 120 zuwa 130. Dole a ja ɗaya ko a tsuke ɗaya har su zo daidai. Sharaɗi na biyu shi ne amo. Kowace waƙa tana da matakin da ta ke tashi daga kansa ta kuma komo masa, in aka aza murya mai wani mataki bisa kiɗa mai wani sai su yi ta karo, ko wanda bai san kome game da kiɗa ba ya ji abin ya yi masa tsami a kunne. A zamanin garmaho sharuɗɗan nan a ɗaure su ke da juna: duk wanda ya taɓa ƙara wa faifai gudu ya san muryar ƙato ta kan koma ta ƙaramin yaro. Kwamfuta ce ta kwance ɗaurin. A 1998 aka fito da wata manhaja mai suna Acid, wadda ke iya sauya saurin kiɗa ta bar amonsa, ko ta sauya amon ta bar saurin. A 1999 kuma Napster ya buɗe wa mutane hanyar musayar waƙoƙi ta intanet ba ko kwabo. Muryoyi zalla kuwa da ma akwai su, gama kamfanonin faifai sun saba buga muryar mawaƙi ba kiɗa a bayan faifai, domin masu sa faifai a gidajen rawa. Da waɗannan abubuwa suka gamu, aikin da a da sai mai babban ɗakin ɗaukar murya ke iyawa ya zama saurayi na yinsa a ɗakin kwanansa.

A nan akwai abin da ya shafi masu nazarin harshe. In aka duba gaurayen da aka yi cikin shekarun nan, za a tarar mafi yawansu muryar mai gambara aka aza bisa kiɗan wani. Masu sha'awa su kan ɗauka wannan zaɓi ne na gwaninta, alhali kuwa rabinsa neman sauƙi ne. Mai gambara ba rerawa ya ke yi ba, magana ya ke yi bisa awo. Abin da ke riƙe da baitinsa shi ne faɗawar gaɓoɓi masu ƙarfi na Ingilishi a kan bugun ganga. Tun da ya ke ba shi da tsayayyen matakin amo, ba abin da zai yi karo da kiɗan da aka shimfiɗa masa, sharaɗi ɗaya kaɗai ya rage, watau sauri. To, wanda ya aza gambara bisa piyano rabin aiki ya yi. Wanda ya aza rerarriyar waƙa bisa jitar wasu, har kowane juyi na muryar ya dace da juyin kiɗan daga farko zuwa ƙarshe, shi ya yi cikakken aiki, kuma irinsa kaɗan ne. Ko da ya ke ba shi ne batun ba, yana da kyau a lura cewa na'urar ba ta ɓata kalmar Hausa, domin karin sauti da tsawon wasali abubuwa ne da a ke ganewa ta gwada gaɓa da maƙwabciyarta. In an ɗaga muryar duka ko an ja ta duka, bambancin yana nan inda ya ke. Wahalar tana wani wuri dabam: a yawancin kiɗe-kiɗen gargajiya na Hausa bugu ya kan rabu kashi uku, na gidajen rawan Turai kuwa kashi biyu ko huɗu, ba su shiga juna sai da dabara.

Wanda ya karanci rubutacciyar waƙa lalle zai tuna da tahamisi, kuma kwatancin yana da amfani in ba a wuce gona da iri ba. Mai tahamisi ya kan ɗauki baitin wani mai ɗango biyu, ya gabatar masa da ɗango uku nasa bisa kari ɗaya, amsa-amonsu ya bi na ɗangon farko na mai asali; haka Ibnu Mahib ya yi wa Ishiriniyar Alfazazi, har yau kuwa a haɗe a ke karanta su. Abin da ya gama shi da mai gauraye shi ne dukansu masu sauraro ne kafin su zama masu yi, kuma aikinsu sharhi ne a kan aikin wani. Amma mai tahamisi da kalmominsa ya ke yin sharhin. Mai gauraye ba shi da kalma ko ɗaya, iyakar abin da ya mallaka shi ne zaɓi da dacewa. Haka kuma ba ɗaya ya ke da aron kari ba, irin wanda mawaƙan finafinan Hausa suka yi ta yi wa waƙoƙin Indiya tun daga shekarun 1990. Mai aron kari ya kan sake rera abin da bakinsa, a sake kaɗa shi, a sa masa sababbin kalmomi. Mai gauraye ainihin muryar ya ke ɗauka, da numfashinta da kaushinta, ta ranar nan da aka ɗauke ta. Shari'ar Turawa ma ta kula da wannan bambanci, gama ta raba haƙƙin wanda ya ƙaga waƙa da haƙƙin wanda ya mallaki faifan da aka ɗauke ta a kai, kuma na biyun ne ya fi tsananta wa masu gauraye.

Misali mafi tsabta shi ne wanda wani mutumin Ingila, Roy Kerr, mai laƙabin Freelance Hellraiser, ya yi a 2001. Ya ɗauki muryar Christina Aguilera daga “Genie in a Bottle” ta 1999, waƙar 'yan mata wadda masana kiɗan rok ke yi wa kallon alewa, daɗi ba ƙoshi. Ya aza ta bisa kiɗan “Hard to Explain” ta The Strokes, samarin New York waɗanda a shekarar nan masanan ke ɗauka su ne magadan rok na gaskiya. Abin da ya fito ya tona asirin kowane ɓangare. Da aka tuɓe wa muryar yarinyar kwalliyar da kamfani ya yi mata, aka bar ta da ganga mai gaggawa da jita mai kaushi, sai aka ji ashe akwai ƙunci da ɗoki a cikinta waɗanda santsin kiɗanta na asali ya rufe. Da aka cire muryar mawaƙin samarin, wanda ke rerawa kamar wanda aka tasa daga barci, sai aka ji ashe kiɗan nasu waƙar yayi ce mai zaƙi wadda ta yafa tsumma don kada a gane ta. Wannan ra'ayi ne sosai, har ana iya rubuta shi da kalmomi, a ce katangar da masana suka gina tsakanin kiɗan 'yan mata da na maza danga ce ta kara. Kerr bai rubuta ba, ya sa an ji. Kuma da rerarriyar murya ya yi shi, waƙa guda cur bisa waƙa guda cur, ba inda zai ɓuya.

Sauran na wannan zango ba su bukatar dogon bayani. Richard X ya aza muryar Adina Howard bisa wani kiɗan Gary Numan na 1979. Da ba a sami damar sayar da shi da muryarta ba sai aka sa 'yan matan Sugababes suka sake rera waƙar, ta kuwa zo ta ɗaya a Ingila cikin Afrilu 2002. Watau gauraye ya koma aron kari domin ya sami shiga kasuwa. A shekarar ce kuma wasu 'yan'uwa biyu na garin Ghent a Beljiyam, David da Stephen Dewaele, masu kiran kansu 2 Many DJs, suka fitar da As Heard on Radio Soulwax Pt. 2, inda suka jera waƙoƙi 45 cikin kusan awa guda, bayan doguwar wahalar neman izinin masu su. Faifai ne na gwanayen gidan rawa, ya san inda zai hau da inda zai sauka, amma abin da ya ke faɗi ɗaya ne yana ta maimaitawa, cewa kowane kiɗa na iya zama kiɗan rawa.

Faifan da ya fi kowane suna shi ne The Grey Album, kuma shi ya fi bukatar a tsaya a kansa, domin sunan nasa ya rufe ainihinsa. A Nuwamba 2003 Jay-Z, ɗaya daga cikin manyan masu gambara na New York, ya fitar da The Black Album, watau baƙin faifai, kana ya saki muryarsa zalla domin masu kiɗa su gwada gwanintarsu a kanta. Wani saurayi, Brian Burton, mai laƙabin Danger Mouse, ya tuna cewa mawaƙan Ingila The Beatles suna da faifai na 1968 wanda jama'a ke kira farin faifai, saboda bangonsa fari ne fat. Baƙi da fari su ba da toka-toka. Cikin 'yan makonni ya haɗa waƙoƙi 12, ya buga kimanin faifai 3,000. Kamfanin EMI, mai haƙƙin faya-fayan Beatles a lokacin, ya aika masa da takardar lauya ya ce ya daina. Sai wata ƙungiya mai suna Downhill Battle ta sa ranar Talata, 24 ga Fabrairu 2004, ta zama ranar bijirewa. Shafukan intanet wajen 170 suka ajiye faifan kowa ya ɗauka kyauta, masu shirya abin suka ce an sauke fiye da 100,000 a wannan rana kaɗai. A ƙarshen shekara mujallar Entertainment Weekly ta ce shi ne faifan da ya fi kowane a 2004.

Daga nan ne hukuncin masu sha'awa ya gurɓace. Yabon faifan ya zama alamar goyon bayan ƙaramin mutum a kan babban kamfani, kushe shi kuma ya zama kamar shiga rundunar lauyoyi. Amma zaluncin kamfani, in ma zalunci ne, ba ya ƙara wa waƙa daɗi. In aka ajiye rigimar aka saurari faifan, abu na farko da za a lura shi ne ba gauraye ne irin na Kerr ba. Beatles ba su yi kiɗansu bisa awon na'ura ba, saurinsu ya kan ɗan ƙaru ya ɗan ragu kamar na kowane makaɗi mai rai, saboda haka ba ya yiwuwa a shimfiɗa waƙarsu yadda ta ke a ƙarƙashin muryar da aka ɗauka bisa tsayayyen awo. Burton ya yanyanka ta ne gutsure-gutsure, har bugun ganga ɗaya-ɗaya, ya sake jera su. A wurare da yawa wanda ya haddace farin faifai ma sai ya kasa kunne sosai kafin ya gane inda aka tsinko abin. Aikin magini ne wanda ya rushe tsohon soro ya yi tubali da ƙasarsa.

Waƙar da masu sha'awa suka fi ambata ita ce “99 Problems”, wadda ya aza bisa rugugin jitar “Helter Skelter”. Lalle tana da ƙarfi, amma ita ce mafi ƙarancin magana a faifan. Rick Rubin, wanda ya yi wa Jay-Z kiɗanta na asali, da ma da jitar rok mai ruri da ganga mai nauyi ya gina ta. Burton ya cire ruri ya sa ruri. Wanda ya ji ta biyun bai san kome game da waƙar ba wanda ta farkon ba ta riga ta gaya masa ba. Inda faifan ya yi magana ta gaske shi ne “December 4th”. A cikinta mahaifiyar mawaƙin, Gloria Carter, ke ba da labarin haihuwarsa da ƙuruciyarsa da yadda halinsa ya sauya bayan mahaifinsa ya bar gida, shi kuma yana karɓa da baitocinsa. Kiɗanta na asali na ƙasaita ne, cike da kayan tsirkiya masu tashi sama kamar ana naɗin sarauta, har mai sauraro ya ɗauki labarin wahalar a matsayin share fagen ɗaukaka. Burton ya kawar da wannan duka, ya sa jita guda mai taushi daga “Mother Nature's Son”. Nan take waƙar ta sauya ma'ana ba tare da an taɓa kalma ɗaya ba: kirarin ya ja baya, maraicin ya fito fili, aka ji uwa tana magana a kan ɗanta maimakon uwar sarki tana magana a kan sarki. Kusa da ita a daraja akwai “Change Clothes”, waƙar ado da tufafi masu tsada, wadda ya aza bisa kiɗan “Piggies”, inda George Harrison ya yi wa masu hannu da shuni zambo. Haɗin ya zama habaici, mawaƙin na ta yabon rigarsa, kiɗan na yi masa dariya a bayansa. Amma fa wannan habaicin sai wanda ya san waƙar Harrison zai ji shi, na “December 4th” kuwa ko baƙo ya ji.

Wannan bambanci shi ne mabuɗin aikin Gregg Gillis, mutumin Pittsburgh, mai laƙabin Girl Talk, wanda ya yi aikin injiniya da rana yana gauraye da dare har 2007. Shi bai yarda da haɗa waƙa biyu ba. Night Ripper na 2006 ya tsinko daga mawaƙa fiye da 150, Feed the Animals na 2008 yana da gutsure fiye da 300, All Day na 2010 kuwa fiye da 370 cikin minti 71. Kowane haɗi ya kan yi ɗan lokaci kaɗan, kafin kunne ya zauna a kansa an ture shi an kawo wani. Ba wanda zai musa gwanintar hannunsa. Ɗinkin ba ya nuna zare, kuma a wajen wasa, inda ya kan naɗe kwamfutarsa da leda saboda gumi, jama'a su hau dandamali su kewaye shi, ya san abin da taro ke so kafin taron ya sani. Ya dogara ga wani sashe na dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ta 1976 wanda ya halatta ɗibar kaɗan daga aikin wani in an mai da shi wani abu sabo. Ko da ya ke wata kotun ɗaukaka ƙara ta yanke a 2005 cewa ko gutsuren sakan biyu sai da izini, wata kotun kuma ta saɓa mata a 2016 cikin shari'ar da aka yi da Madonna, shi dai ba a kai shi gaban alƙali a kan faya-fayan nan ba.

To, me faya-fayan ke faɗi? Wurin da kowa ke nunawa yana cikin Night Ripper, inda muryar Notorious B.I.G. daga “Juicy” ta 1994, yana ba da labarin fitarsa daga talauci, ta hau bisa piyanon “Tiny Dancer” ta Elton John ta 1971, wadda aka ƙara wa gudu har muryar mai ita ta sirance. Yabon ya dace. An kashe mawaƙin a 1997 yana da shekara 24, kuma piyanon ya sa murnarsa ta zama abin tausayi, kamar hoton biki na wanda ya rasu. Amma Gillis bai bar abin ya nuna ba, ya sauke tukunyar ya aza wata. Haka ya ke yi ko'ina, kuma in an saurari faifai ɗaya har ƙarshe sai dabarar ta bayyana: muryar baƙar fatar Amurka mai zafin baki a sama, kiɗan farar fata wanda iyayen masu sauraro suka yi rawa da shi a ƙasa. All Day da haka ya buɗe, muryar Ludacris bisa jitar Black Sabbath. Karo na farko abin mamaki ne, karo na hamsin ya zama al'ada. Akwai kuma abin da ba shi da daɗin faɗi, amma ya kamata a faɗa: sau da yawa abin da ke sa taron ihu shi ne dariyar jin kalaman titi a kan kiɗan falo, watau ana amfani da muryar mai gambara kamar yaji, ba a sauraron abin da ya ke cewa. Burton ya saurari Jay-Z baiti-baiti kafin ya zaɓa masa kiɗa. Gillis awon muryar ya ke bukata.

Akwai gwajin da malami a Kano ko Damagaram ya fi masanin New York ikon yinsa. A sa wa ɗalibin da bai taɓa jin Elton John ko Black Sabbath ba faifan Gillis. Daɗin ganewa, wanda shi ne jarin faifan, ba zai same shi ba ko kaɗan. Abin da zai ji shi ne gambara bisa kiɗa mai yawan sauyawa, wani wuri da daɗi, wani wuri hayaniya. A sa masa aikin Kerr, zai ji waƙa guda cikakkiya mai kyau, ko bai san akwai ɗinki a cikinta ba. Ba aibi ba ne aiki ya dogara ga abin da masu sauraronsa suka riga suka sani, habaici da zambo duk haka su ke. Amma ya kamata a san cewa abin da masu sha'awar Gillis ke yabo, mafi yawansa cikin kawunansu ya ke ba cikin faifan ba, ƙuruciyarsu ce a ke kaɗa musu. Kuma irin wannan jari ya kan ƙare tare da tsarar da ta tara shi. Gillis kansa bai sake fitar da dogon faifan gauraye ba bayan 2010, ya koma yi wa masu gambara kiɗa.

Kamfanonin kuwa ba su daɗe suna fushi ba. Tun a Nuwamba 2004 Jay-Z da Linkin Park suka fitar da Collision Course, gauraye mai izini, ya zo na ɗaya a Amurka. A 2005 Burton ya yi wa Gorillaz kiɗan Demon Days, wanda Parlophone, a lokacin reshen EMI ɗin nan da ya aika masa da lauya, ya buga. Ƙarancin muryoyi zalla ma ya kau: a 2019 kamfanin Deezer ya saki manhajar Spleeter mai zare murya daga kowane faifai, kuma da irin wannan dabara aka tsamo muryar John Lennon daga tsohon kaset aka fitar da “Now and Then” a 2023.

Akwai faifai ɗaya da masu sha'awa ba su cika sa shi cikin lissafi ba, watakila domin ba shi da ƙanshin bijirewa. Shi ne Love, na Nuwamba 2006, wanda George Martin, mai shirya wa Beatles faya-fayansu tun 1962, ya yi tare da ɗansa Giles, da yardar masu haƙƙi duka, suka gauraya waƙoƙin Beatles da junansu. Yawancinsa ado ne kawai. Amma a wuri ɗaya an aza muryar Harrison daga “Within You Without You” ta 1967 bisa gangar “Tomorrow Never Knows” ta Lennon ta 1966. An saba ɗaukar ta farkon waƙar natsuwa mai kayan kiɗan Indiya, ta biyun kuwa waƙar ruɗani mai dabarun na'ura, kamar ba abin da ya gama su. Da aka haɗa su sai aka ji dukansu bisa amo guda tsayayye aka kafa su, irin wanda makaɗan Indiya ke shimfiɗawa a ƙarƙashin waƙa, shi ya sa muryar ta zauna daram kamar don gangar aka yi ta. Aka kuma ji waƙar Harrison, wadda wasu ke tsallakewa don sanyinta, tana da ƙashi in ta sami ganga. Giles Martin ne ya fara gwada wannan haɗi. An haife shi a 1969, bayan fitowar waƙoƙin biyu, saboda haka shi ma a faifai ya fara jinsu.